Zuwa ga Autan Dada, a Kan Dutsen Mambila

Jimeta, daren Laraba

Auta,

Damina ta zauna daram, Kogin Binuwai ya cika ya batse har ya fara cin gonakin Geriyo, kowa kunnensa na wajen labarin madatsar ruwan Lagdo. Hamma kullum da asuba sai ya je ya dubo masararsa, ya dawo ya ce mana ruwa ya matso.

Ƙafar Dada ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan Goggo da kanta. Hankalinta ne dai bai kwanta ba. Wayarta a ƙarƙashin filo take kwana, ko saƙon kamfani ne ya shigo sai ta tashe ni in duba ko kai ne. Ka ce sai an hau tudu ake samun sabis. To, ka hau mana. Mutumin da ke bin rafi da tsakar dare neman kwaɗo, hawan tudu da rana tsaka ba zai gagare shi ba.

Na ba wani direban Jalingo saƙonka a tashar Jambutu, shi zai miƙa wa na Gembu, a sauke maka a Yelwa. Akwai kilishi da dakuwa da yajin Dada, da batura, da kwali ɗaya na safar hannu irin ta asibiti. Za ka kuma ga leda cike da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake sakowa a kwalin takalmi. 'Yan ajina ne suka bi masu shaguna a kasuwar Jimeta suka tara maka. Ka zuba su a jakar kyamara, ka riƙa rufe ta ruf, don hazon Mambila in ya shiga gilashi fumfuna yake haifarwa, kuma ka san kuɗin wani gilashin ba yanzu ba.

Hotunan sun iso duka. A kwamfutar makaranta na buɗe su, saboda waya ba ta fito da aikinka yadda ya kamata. Wanda ya tsayar da ni shi ne ɗan kwaɗon nan mai ruwan ƙasa da ke zaune a kan ruɓaɓɓen ganye, wanda ka ajiye tsinken ashana a gefensa don a gane ƙanƙantarsa. Da na ƙara girman hoton sai ga zanen bayansa ya fito ɗaya bayan ɗaya, ga ɗigon raɓa a saman idonsa, ga maƙogwaro a kumbure, alamar ka same shi yana tsaka da kuka. Na duba hannunsa na ga yatsa na uku ya zarce sauran da nisa, na ce wannan namiji ne. Na daɗe ina kallonsa, Auta. Allah Ya yi maka baiwa, kuma ban faɗa don ina Addarka ba.

Washegari na kai shi aji. Na gaya wa yara cewa danginsa ba sa kai ƙwai cikin ruwa. A cikin danshin ganyen ƙasa suke ajiye shi, ɗan ya kammala halittarsa a cikin ƙwan, ya fito da ƙafafunsa huɗu ba tare da ya yi zaman ruwa ba. Saboda haka ranar da wuta ta shiga kurmin, ko kofaton shanu ya buɗe ƙasa rana ta busar da ganyen, zuriyarsa ta ƙare a wurin. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, a Amurka ne?” Na ce mata a'a, nan bayan Serti ne, kuma kafin 1991 jiharmu ɗaya da wannan kwaɗo, Gongola. Ajin ya yi tsit. Yaran da aka haifa a Doubeli da Luggere, a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ba su taɓa jin cewa a maƙwabtansu akwai inda mutum ke kwana da bargo biyu, inda gansakuka ke lulluɓe itace tun daga gindi har rassa ba.

Ka rubuto cewa kana jin shi ne wanda David Blackburn da abokan aikinsa suka raɗa wa suna Arthroleptis palava a 2010, daga duwatsun Kamaru da na Mambila. Yana iya zama shi. Amma kada ka yi gaggawar liƙa masa suna a ƙasan hoto. Waɗannan ƙananan kwaɗi kamanninsu ɗaya, su kansu masanan sai sun haɗa da kuka da gwajin ƙwayoyin halitta kafin su yanke hukunci. Ka ɗauki kukansa da waya, ka rubuta rana da lokaci da tsayin wurin, ka ɗauki bayansa da gefensa da tafin ƙafa in ya ba ka dama. Sannan ka aika wa masu abin. Ga ɗan ƙasarmu Dakta Lotanna Micah Nneji, wanda ya yi ƙidayar kwaɗi da masu jan ciki a Gashaka-Gumti. Ga mutanen tashar binciken Ngel Nyaki, da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury ta kafa a dajin da mahaifinta ya bi itatuwansa yana rubutawa tun shekarun 1970. Hoton da ke da rana da wuri shaida ne da za a nema bayan shekara 50. Wanda ba shi da su kuwa, ado ne kawai.

Haske kuma. A wasu hotunan ka saki filasha kai tsaye, fatar kwaɗo ta jiƙe, sai ta mayar maka da hasken, bayan ya yi fari fat, zanen ya ɓace. Ka manta farin yadin da Baba ke rataya a gaban fitilar shago ranar Sallah, lokacin da 'yan mata ke zuwa fuska ta sha mai? Dalilin ɗaya ne. Ka tausasa hasken da farar takarda ko farin ƙyalle, ka kawo shi daga gefe, ka rage ƙarfinsa. Ka durƙusa har idon kyamara ya yi daidai da idon dabbar, ka sa ido ya fito tar, ko da wutsiya za ta dusashe. Kuma kada ka yi ta watsa wa halittar dare walƙiya sau ba adadi. Ka ɗauki kaɗan masu kyau ka kashe fitila, ka bar ta ta ci gaba da harkarta.

Allah Ya jiƙan Baba. Da yana nan da ya kafa hoton hawainiyar nan mai ƙaya a gadon baya a ƙofar shago, ya hana kowa wucewa sai ya kalla. Kyamararsa Yashica tana nan a akwatin Dada, na goge ta ran nan.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu da hannu maimakon in yi maka saƙon murya.

Na ga bidiyon. Ba kai ka turo mini ba, kuma na san dalili. Ɗan Goggo ne ya nuna mini a Facebook yana murna, wai Gardin Dada ya zama gardi na gaske. Ga ka nan, hannun hagu riƙe da wuyan wani baƙin maciji siriri, hannun dama riƙe da kyamara, kana dariya. Wallahi sai da cikina ya juya. Ban nuna wa Dada ba, kuma na gargaɗe shi kada ya kuskura.

Mu muka sa maka Gardi, amma da wasa muka sa. Ka ji ni da kyau. Akwai baƙin maciji ƙarami mai zama cikin ƙasa, wanda masana ke kira Atractaspis, da ba a iya riƙe shi ta wuya ko kaɗan. Ba ya buƙatar buɗe baki: haƙorinsa ta gefe yake zarowa ya soki yatsan da ke riƙe da shi. Kamanninsa da wasu marasa dafi ya sha ruɗin waɗanda suka tsufa a cikin aikin, wasunsu sun rasa gaɓar yatsa. Kai da fitilar goshi, cikin yayyafi, ido ya gaji, da me za ka tantance?

Kai da bakinka ka ba ni labarin Joseph Slowinski a tsakar gidan nan. Masani ne na macizai daga Kalifoniya, ya fi ka sani nesa ba kusa ba. A watan Satumba na 2001, a dajin arewacin Bama, ya zura hannu a jakar da aka ce masa macijin ciki ba shi da dafi. Yana da shi. Abokan tafiyarsa suka yi ta hura masa numfashi baki da baki sa'o'i da yawa, ruwan sama da hazo suka hana jirgi sauka, washegari ya cika yana da shekara 38. Ilimi bai gaza masa ba. Nisa ne da damina suka yi hukunci, kuma su biyun suna tare da kai a inda kake.

Ka lissafa hanyar da kanka. Daga cikin kurmi a ɗauko ka a kafaɗa zuwa Yelwa. A nemi mota. A wuce Maisamari, a gangaro wannan hawan mai lanƙwasa zuwa Mayo Selbe cikin dare da santsi, sai Serti, sai Bali, sai Jalingo. Asibitin da ya ƙware a saran maciji kuwa yana Kaltungo, a Jihar Gombe, wanda mu nan Yola ma sai mun bi ta Numan da Cham kafin mu kai.

Ko an kai ka, ba kowane dafi ne allurar da ke hannu ke karyawa ba. EchiTAb da aka fi dogara da ita, wata a Birtaniya aka haɗa ta, wata a Kosta Rika, kuma don macizanmu na fili aka yi su: ɗaya ta kububuwa ce kaɗai, ɗayar ta haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa mai tofi. Macijin kurmi mai hawa itace ba ya cikin wannan lissafi. Kai da ka bar fili ka hau dutse, ka fita daga inuwar maganin da ake da shi.

Ban taɓa ba ka labarin yaron ajina na bara dalla-dalla ba, don lokacin kana Gashaka. Hutu ya je ƙauyensu taya mahaifinsa girbi. Ya sa hannu ƙarƙashin dami, kububuwa ta sare shi a yatsa. Aka ɗaure dantsen tamau, aka tsaga wurin da reza, aka manna baƙin dutse, aka ɗura masa jiƙo. Ya tashi yana magana yana cin abinci, kowa ya ce an ci nasara. Haka dafinta yake, ba ya gaggawa, jini yake hanawa daskarewa. Da aka kawo shi gari na je duba shi. Yana ganina ya yi murmushi ya ce, “Malama,” sai na ga dasashinsa na tsattsafar da jini, tsagar rezar ma ta ƙi tsayawa, zanen gadon ya ɓaci. An ɗebi jininsa a 'yar kwalba aka ajiye minti 20, aka karkata ta, yana nan ruwa tsululu. Allurar ta zo a makare. Kujerarsa ta gaba ce, kusa da taga. Ba banza mutanenmu suka kira ta gobe-da-nisa ba.

Wannan kwarin namu na Binuwai yana cikin wuraren da ta fi ɓarna a duniya. Tun shekarun 1970 David Warrell, yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi garuruwan yankin nan yana rubuta abin da take yi wa manoma da makiyaya, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya ɗora a kai shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, amma sai a 2017 ta mayar da shi cikin jerin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Talaka yake kashewa, shi ya sa.

Saboda haka ga sharaɗina, kuma ba na neman shawararka a kai. Ba ka ƙara taɓa maciji da hannu, mai dafi ko marar dafi. Dogon gilashi ka saya don ka tsaya nesa, to ka tsaya nesa. Takalmin roba mai dogon wuya ko da zafi ake. Tabarau a ido duk inda gamsheƙa za ta iya kasancewa, don tofinta na kai mita 2, in kuwa ya shiga ido, ruwa mai yawa ake ta zubawa, ba nono ba, ba ganye ba. Ba ka zura hannu a rami ko jaka ko ƙarƙashin gungume. Ba ka fita kai kaɗai. In tsautsayi ya faɗa, a kan ka ko a kan wani: ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da agogo, a sa wa gaɓar karan ɗori kada ta motsa, a ɗauki mutum a kama hanya nan take, ko da yana cewa ba ya jin komai. Ka karanta wa abokan tafiyarka wannan sakin layi, da Fulatanci in ta kama.

Layar da Kawu ya ɗinka maka a jaka, ka bar ta a inda take don kada ransa ya ɓaci, amma kada zuciyarka ta jingina da ita. Gardawan da muke bi muna yara a bakin kasuwa, da yawansu sun riga sun cire wa macijin haƙori kafin a buga ganga. Ka yi addu'arka ta fita, ka sa takalminka.

Akwai kuma hoton koren macijin nan da ya naɗe tsaf a kan dutse mai gansakuka, kai a sama, babu ko tsinke a gabansa. Ya yi kyau, kyan ma ya yi yawa. Ni 'yar mai hoto ce, na san wanda aka tarar da wanda aka shirya. Na san abin da wasu ke yi: a kama dabba da dare a kwana da ita a jaka, a sanyaya ta har jikinta ya mutu, a kife ta da murfi ta naɗe, a ɗage a ɗauka da sauri. Ban ce ka sanyaya shi ba. Amma ka ɗauke shi daga inda yake, wannan kam na tabbata. Auta, wannan hoton ƙarya yake faɗa. Wanda ya gan shi zai ɗauka a kan dutse wannan maciji ke zama, alhali a reshe ka same shi. Na fi son wanda ganye ya rufe rabin jikinsa, in dai haka Allah Ya nuna maka shi.

Kwaɗi ma hannunka cuta ne a gare su. Da fata suke shan ruwa, da ita suke wani ɓangare na numfashi, don haka gumi da man sauro da sabulun da ke tafinka kai tsaye suke shiga jikinsu. Ga kuma fumfunar nan mai cin fatar kwaɗi, wadda wani babban bincike na 2019 ya ɗora wa alhakin raguwar nau'i 501 a duniya, 90 daga ciki ana jin sun ƙare ƙurmus. A duwatsun Oku da Manenguba na Kamaru, 'yan uwan dutsen da kake kai, kwaɗin da a da ake tarar da su ko'ina sun yi wuyar gani. Laka a tafin takalmi na iya ɗaukar ta daga wannan rafi zuwa wancan. Shi ya sa na aiko da safar hannu: in dole ta sa a taɓa, kowane kwaɗo da tasa. Takalmi kuma a kankare shi, a wanke da ruwan bilic nesa da rafi, ya bushe kafin a shiga wani kurmin.

Maganar tsaka. Dada ta ga hoton a wayata ta yi tsaki ta kau da kai, ta ce duk halittar Allah a rasa wadda za a ɗauka sai wannan. Na san kai ma an sha faɗa maka. Abin da malamai suka karantar da mu a kan tsaka ba ni da ja a kai, ba kuma fagena ba ne. Amma zancen cewa tana da dafi, ko ita ke sa albaras in ta taɓa abinci, wannan fagena ne, kuma ba haka ba ne. Na kuma tuna wa Dada cewa malaman nan dai su suka karantar da mu hanin kashe kwaɗo, kuma akwai surori da ke ɗauke da sunan tururuwa da zuma da gizo-gizo. Kallon halitta don a gane ikon Mai halitta ba abin kunya ba ne. Ta ce to, amma kada a rataya mata ita a ɗaki. Na yi mata alkawari.

Ni kuwa na kalle ta da kyau. Ba irin ta bangon ɗakinmu ba ce. Ta gida ƙwayar idonta tsaga ce a tsaye, yatsunta masu faɗi don manne wa bango. Taka ƙwayar idonta zagaye take, yatsun sirara masu farce, na kama dutse da ɓawon itace. Na kuma lura wutsiyarta ta asali ce, ba sabuwar tohuwa ba, na ji daɗi, don na san ba a cafke ta ba. In aka cafke su yar da wutsiya suke yi, kuma a nan suke ajiye kitsen da za su ci gaba da rayuwa da shi.

Tsakar nan ta tuna mini wani abu da nake so ka sa a ranka. A 2006 Aaron Bauer da abokan aikinsa suka bayyana wata sabuwar tsaka daga duwatsun Alantika, ta ɓangaren Kamaru, suka sa mata sunan dutsen. Alantika fa, Auta, nan bayan Fufore, duwatsun mutanen Koma. Dutse bai san iyakar da Turawa suka ja ba. Ga Shebshi da ƙololuwar Dimlang mai mita 2,042 a wajen Ganye. Ga ɓangaren Gumti da ake shiga ta Toungo, cikin jiharmu. Kowa in ya tashi sai Serti, sai Chappal Waddi, don shi ne mafi tsawo a Najeriya da mita 2,419. Ban hana ka ba. Amma na gida ma suna jiran mai kyamara, kuma daga can in Dada ta yi kira kwana ɗaya ya kawo ka.

Wurin da ka samu kowace dabba, ka rubuta a littafinka, ka ba masana da hukumar gandun, amma kada ka baza shi a intanet. Ka duba ma ko kyamararka na liƙa wa hoto adireshin wuri, ka kashe. Akwai masu bin irin hotunan nan don kasuwanci. Wata 'yar tsaka shuɗiya ta dajin Kimboza a Tanzaniya, kyanta ne ya jawo aka yi ta kwasarta zuwa Turai ana sayar wa masu kiwo a akwatin gilashi, har sai da aka hana cinikinta tsakanin ƙasashe. Mun ga yadda aka yi da madobiya a Taraba da Adamawa, da sunan Madrid, tirela bayan tirela. Abin da ya samu itace zai iya samun hawainiya.

Mutumin da ke riƙe maka fitila, wanda ka ce yana jin kukan kwaɗo ya gaya maka a wane reshe yake, ban ga sunansa a ƙasan hoto ko ɗaya ba. Da ɗan gari akan ci gari. Idonsa ne ya gano, naka ya ɗauka. Ka nemi izininsa ka sa sunansa, ka biya shi haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, ka wanke masa hotuna ya kai wa iyalinsa. In akwai rarar takalmi, shi ya fi ka buƙata, don shi ke gaba.

Kuma in ka zo rubuta bayani a kan wuta da shanu, ka tausasa harshe. Gaskiya ne ƙunar ciyawa na cin bakin kurmi duk rani, gaskiya ne shanu na tattake rafi. Amma masu shanun nan dangin Bappa ne, kuma su da manoma su ne maciji ya fi sara. Ngel Nyaki tun 1969 aka keɓe shi, bai wuce murabba'in kilomita 46 ba, kurmin ciki ma bai kai haka ba. Ba zai tsira da zagin maƙwabtansa a Turanci ba. Ka je ruga ka sha nono, ka buɗe musu kyamara su ga abin da ke cikin rafin da suke shayarwa. Gani ya kori ji.

Ga buƙatata ta ƙarshe, ita ce babba. Hotunanka mutanen Jamus da Amurka na ta yabawa, na gode musu. Amma wanda zai sa hannu ƙarƙashin dami a watan Nuwamba bai gan su ba. Ina so in ka sauko ka ba fili haƙƙinsa: kububuwa, kasa, gamsheƙa, kumurci, mesa, kowanne daga nesa, hoto mai kyau da za a gane. Ka haɗa da macijin nan mai haɗiye ƙwai, wanda kusan ba shi da haƙori amma ya ari zanen kububuwa, har yana goga ɓawon jikinsa ya ba da irin ƙararta, kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Ba don mutane su matsa su tantance ba. Don su ja da baya ga duka, in kuma an yi sara su iya nuna wa likita da yatsa. Mu buga a babbar takarda da Hausa da Fulatanci, sunan kowanne da abin da ake yi da abin da ba a yi, mu kai makarantu da ƙananan asibitoci da tashoshin mota daga Girei har Mayo Belwa. Shugabar makarantarmu ta ba ni zauren taro, Hamma ya ce kuɗin bugun farko a wuyansa. Gefe guda kuma mu jera kwaɗinka na dutse, yara su san abin da ƙasarsu ta mallaka.

Goggo ta sake tayar da maganar da ka sani. Na ce mata sai ka dawo. Mutanen Wuro Hausa dai sun aiko da gaisuwa har sau biyu, kuma ba ni aka gaisar ba.

Ranar 19 ga Satumba ce ranar wayar da kai a kan saran maciji ta duniya, ita na sa wa taron. Ina son hotunan su iso hannuna kafin ƙarshen Agusta don mai bugu ya samu lokaci. Bidiyon nan kuma ka sauke shi yau, kafin wani yaro ya gani ya gwada. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Dada za ta zauna da waya a hannu. Ka hau tudun ka kira ta.

Allah Ya tsare, Ya dawo mana da kai lafiya.

Addarka